Alƙalin Bakin Rijiyarmu

Man gyaɗa na zuba masa. Gara in faɗa da bakina, tunda jikokina sun riga sun kai labarin har kasuwar Gidan Amumune, kuma a bakinsu ɗigo ya zama ludayi guda. Gaskiyar magana ɗigo ne, sai dai ɗigon ya ɗan yi ƙiba. Ranar da aka ɗora murfin siminti a bakin tsohuwar rijiyarmu na dawo gida raina ba daɗi, na sa uwargida ta buɗe kwallar da take ajiye agogon Baba, na murɗa shi, na kara a kunne, shiru. Sai na ce a raina, wane abu ne a duniyar nan ba ya tashi da mai? Ƙofa in ta yi kuka mai ake ba ta, amalanke mai, keken ɗinki mai, ni kaina in gwiwa ta ƙi sai an shafa mata. Na sa bakin wuƙa na ɓamɓare bayansa, na ɗiga, na rufe, na shanya shi kan danga don man ya ratsa. Da la'asar na tarar kiyashi sun yi masa layi kamar ana rabon hatsi.

Agogon ba irin wanda yaran yanzu suka sani ba ne. Ƙarfe ne mai nauyi, in ka ɗaura shi sai ka ji kafaɗarka ta hagu ta ɗan sunkuya. Fuskarsa fara ce a da, yanzu ta koma launin haƙorin mai cin goro, kuma a cikin babbar fuskar akwai ƙananan idanu biyu, kowane da ɗan hannunsa. A gefe, ban da abin murɗawa, akwai maɓallai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In aka danna na sama sai wani dogon hannu siriri kamar tsinken tsintsiya ya zabura ya kama zagaye, ɗaya daga ƙananan idanun yana riƙe masa lissafi. In aka sake dannawa ya tsaya cak. In aka danna na ƙasa ya koma gida da gudu kamar yaron da ya hango uwarsa da tsumagiya. Baba ya zo da shi daga Kurmi, can kudu, shekarar da ya tafi ci-rani da alkawarin zai dawo da keke. Inna har ta share wurin da za a jingina keken, ta yayyafa ruwa. Da ya kwance ƙunshinsa ya fiddo wannan abin, ta dube shi, ta dubi agogon, ta ce, "Malam, a ina ake zama bisanshi?"

Kuma tana da gaskiya, don a lokacin babu mai bukatar agogo a garinmu. Zakara ke tada mu, ladan ke tsayar da mu, ƙarar taɓarya cikin turmi ke gaya mana hantsi ya yi, inuwar rumbu ke gaya mana azahar. Baba ya ɗauki lokaci yana yawo da shi ba aikin fari ba na baƙi, sai dai ya naɗe hannun riga in za shi ɗaurin aure. Mu yara muka fi cin moriyarsa. In ya yi barcin rana muka lallaɓa muka zare shi, sai mu auna wa ya fi daɗewa bai yi numfashi ba, wa ya fi saurin zagaye rumbu, jakin wa ya fi dogon kuka. Jakinmu ne ya ci, kuma har ya mutu ba a samu wanda ya kamo shi ba.

Rijiya ce ta ba agogon aiki. Wanda bai ga rijiyoyin ƙasarmu ba ba zai gane ba. Tamu in ka jefa dutse ranar Alhamis sai an sauko daga Juma'a za ka ji ya taɓa ruwa. Mutum ba ya jan ta da hannu sai in yana neman a yi masa ta'aziyya. Takarkari ake ɗaura wa igiya, a zura wasaki, babban gugan fata, yaro ya kora san ya yi ta tafiya yana ja, ya yi ta tafiya, har ka fara gaisawa da mutanen wani gari, sannan ka ji ihun wanda ke bakin rijiya cewa wasaki ya fito. Sai ka juyo da san, a juye ruwa a komin shayar da dabbobi, a sake zurawa. Ni ne mai korar san gidanmu, kuma tafin ƙafata ya san kowace ƙaya ta wannan hanya da sunanta. Har yanzu in na rufe ido ina jin wurin: kukan igiya kan gungumen da ta sassaƙe har ya yi ramuka, shanu suna kukan ƙishi, mata suna jera tuluna suna faɗa kan wanda ya riga, Fulani suna fito da baki suna kiran kowace saniya da sunanta, da warin laka da kashin shanu da jiƙaƙƙiyar fata wanda ba ya fita daga riga ko an wanke.

Da rani rijiyar ba tamu ba ce mu kaɗai. Makiyaya sukan sauko da garkunansu, kuma tun kakanni an san ba a hana su ruwa. Wahalar ita ce rabo. An gwada ƙirga wasaki, sai kowa ya ɗinko nasa kamar zai ɗebe rijiyar gaba ɗaya. An gwada auna inuwar sanda, sai aka ga inuwa da safe tana gudu, da rana tana barci, wanda ya samu tsakar rana ya ci riba. Kullum sai an zagi uban wani. Wata rana mai gari ya gaji, ya hangi Baba zaune yana goge agogonsa da gefen rawani, ya ce, "Kai, wannan ƙwaron naka da ke gudu yana tsayawa, ya san ɗan gari ya san baƙo?" Baba ya ce bai sani ba. Mai gari ya ce, "To shi muke nema." Daga ranar aka kafa wa Baba kututture a gindin aduwar bakin rijiya. In gida ya zura igiya ya danna na sama, in ɗan ƙaramin hannun ya kai inda aka yi yarjejeniya ya danna, ya ɗaga murya ya ce, "Ya isa!" Kafin damina ta zo mutane sun daina kiran abin agogo. Alƙali suke ce masa. Fulani in sun iso sai sun gai da Baba, sannan su sunkuya su gai da Alƙali. Inna ma ta sauko, ta ɗinka masa 'yar jaka, ko da yake ba ta fasa cewa da keke ne da an huta ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda tsofaffinmu ba sa son ambata. Ni a lokacin gemu bai fito ba amma rashin ji ya gama fitowa. Damina ta yaudare mu, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, tafkuna suka ƙafe tun kafin a gama girbin abin da babu. Makiyaya suka sauko tun da wuri da shanun da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Rijiyar ma ta fara rowa: da safe ruwa, in rana ta ɗaga sai laka, sai an jira ta taru. Ranar da nake ba da labari, layin gidanmu ya faɗo lokacin da ruwan ya fara duhu. San namu yunwa ta cinye shi, yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai, wasaki kuma rabi-rabi yake fitowa. A bakin rijiya mai karɓa shi ne Baba Ƙarami, ƙanen Baba, saurayi mai ƙarfi wanda zuciyarsa ke kan hanci. A bayanmu wani dattijon Bafillace ne da garkensa, ya ce sun kwana sun wuni ba su ga ruwa ba. Mu kuma saniyar Inna mai ciki ko bakin komi ba ta samu ba, manya sun ture ta.

Na san lokacinmu ya kusa ƙarewa, don na ga Baba ya daina kallon mutane yana kallon hannunsa. Sai na yi abin da na iya. Da na juyo da sa na ƙwala ihu, "Baba, maciji bayanka! Kububuwa!" Mata suka watse, wata ta yar da tulu, wani malami ya hau amalanken da ba nasa ba. Baba ko waiwayawa bai yi ba. Ya ce, "In ta sare ni ka gaya mata ta jira layi." Ya danna maɓalli, ya ce, "Ya isa!" da irin muryar da yake faɗa wa kowa, ba ƙari ba ragi.

Bafillacen ya matso ya kama igiyarmu zai ɗage ta daga kan gungume, kamar yadda aka saba. Baba Ƙarami ya ce ya saki. Dattijon ya ce lokacinsa ne. Ban ga lokacin da Baba Ƙarami ya ɗauko gora ba, na dai gan ta a sama, ta nufi tsakiyar kan dattijon, kuma 'ya'yansa samari suna tsaye da nasu sandunan. Yadda Baba ya taso daga kututture ya iso wurin, har yau ban gane ba, mutumin da in zai miƙe sai ya yi salati ya dafa ƙasa. Ya miƙa hannun hagu. Muka ji ƙwas, ƙarar itace kan ƙarfe. Baba bai dubi ƙanensa ba, bai dubi hannunsa da ya fara lilo ba. Ya sa hannun dama ya tallabo shi, ya kara agogon a kunne, ya saurara. Gilashin ya tsage, gefen ƙarfen ya lotsa. Sai ya ce, "Yana tahiya." Ya danna na ƙasa, ya danna na sama, ya dubi Bafillacen ya ce, "Ardo, lokacinka ya kama, tsayuwar nan da kake cikin naka ne."

Baba bai tashi ba sai da gida na ƙarshe ya sha, gumi yana zuba masa kamar an juye wasaki, sannan ya yarda aka kai shi wurin maɗori. Amma kafin nan na ga abin da ya fi mini karatun lakwal, wato boko, da na allo. Da shanun dattijon suka ɗan sha, ya sa 'ya'yansa suka kore su gefe, ya ɗauki wasaki na ƙarshe ya juye a kominmu, ya janyo saniyar Inna da kansa. Wani ya ce ai wannan ya saɓa tsari. Baba ya dubi Alƙali ya ce, "Cikin lokacinshi ne. Abin da ya ga dama shi yi da shi." Tun daga ranar ba a sake ɗaga sanda a bakin rijiyarmu ba. Garuruwa sun yi ta jin labarin jini a wasu rijiyoyin, tamu ko haɓo ba a yi ba. Jikokin dattijon nan har bana sun sauka a gonata bayan girbi, kuma ba sa zuwa hannu wofi. Baba kuwa har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya tada wa ƙanensa maganar ba. Baba Ƙarami shi ya nome gonarmu a daminar da ta biyo, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu.

Bayan rasuwar Baba ni na gaji kututturen, har wata damina ruwa ya bi tsagar gilashin ya shiga, Alƙali ya yi shiru. Lokacin an kawo famfon ƙafa, cunkoso ya ragu, sai aka sa shi a kwalla. Yanzu kuwa ga shato, babban tankin ruwa, a kan ƙafafun ƙarfe, rana ce ke jan ruwa, yarinya ta murɗa kan famfo ta cika bido, jarkar roba, tana danna salula da ɗaya hannun. Ba na ƙorafi. Na ga tafin hannun iyayenmu mata, na san abin da igiya ta yi musu. Amma wurin shiru yake. Babu sa, babu ihun wasaki ya fito, babu mai gai da wani don jira ya haɗa su. Yaran yanzu kowa da lokaci a aljihunsa, kuma ban taɓa ganin mutanen da ba su da lokaci kamarsu ba.

To da kiyashi suka gama walima, jikana mai kabu-kabu ya ɗora ni a bayan babur muka nufi Tasawa, yana tafe yana cewa, "Tsoho, riƙe ni da kyau, kar ka zame, na ji an ce jikinka duk mai ne." A kusa da tasha akwai wani mai gyaran agogo da ya rage, teburinsa yanzu rabi salula ce. Ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya buɗe bayan, ya shinshina, ya ɗago.

"Malam, wa ya yi miya cikin agogon ga?"

Na ce yara ne.

Jikana ya ce, "Ƙwarai, wani yaro ne mai hurhura."

Mai gyara ya yi dariya har gilashin ya faɗo. Sannan ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Tsatsa ta ci wasu haƙora a ciki, man kuma ya kama ƙura ya zama ƙulli. Hanya biyu ce. Ta farko, ya kwashe kayan cikin ya zubar, ya sa na zamani mai pil, wato batir, ya canza gilashi, ya buge lotsawar ya goge ta har in ga fuskata, kafin in gama cin tuwo a tasha an gama. Zai ba da lokaci daidai, amma maɓallan biyu sun zama ado, dogon hannun ba zai sake gudu ba. Ta biyu, a aika shi Kano wurin wani tsoho da ya koya masa aiki, a nemo haƙoran a jikin wani mataccen agogo irinsa, in an samu. Zai daɗe, zai ci kuɗin rago mai kyau, kuma bai yi mini alkawarin zai tashi ba. Jikana da ke ta ɗaukar hoton agogon ya ce akwai ta uku: ya duba a salula, Turawa na neman irin waɗannan tsofaffin ido rufe, ko matattu ne. "Ka saida shi, Tsoho, ka sai mini sabon babur, in riƙa kai ka zance."

Na mayar da shi aljihu muka dawo. Kwana da kwanaki ina juyawa. Rago ba wasa ba ne a gidan da ke da jikoki kamar fara, kuma rijiyar da zai yi wa aiki an rufe ta. Wa zai auna? Sai na ce bari in je wurin wanda ya fi ni haƙƙi. Baba Ƙarami yana nan da ransa, ya tsufa har ya koma kamar ƙullin goro, idanunsa sun tafi, amma bakinsa na nan daram. A zuciyata na ɗauka zai so a goge lotsawar, a rufe abin kunya kamar yadda aka rufe rijiya. Na same shi a zaure kan buzu, na durƙusa na gaishe shi, na sa masa agogon a tafin hannu. Ya auna nauyinsa. Babban yatsansa ya bi gefen kai tsaye, kamar jiya ya ajiye shi, ya tsaya cikin ramin.

Ya ce, "Alƙali."

Na gaya masa duk abin da mai gyara ya ce, har da na goge lotsawar. Sai ya ce, "Kai tun kana yaro ba ka da wayo sai na ƙaryar maciji. A goge mi? Ni ban yi lakwal ba, allona ma ban kai ko'ina ba. Wanga shi kaɗai ne rubutun da na yi a duniya." Ya sake shafa wurin. "Da gorar nan ba ta sauka nan ba, bisa kan mutum za ta sauka. Da a kaso, gidan yari, zan ruɓe, ko ɗiyanshi su gama da ni a wurin. Ka leƙa cikin gidan ga ka gani, duk wanda ke numfashi ciki, ɗiya da jikoki da ɗiyan jikoki, daga cikin ɗan ramin ga suka hito. Kuma ka ce a cire mashi hanji a sa na roba? Mai tsayawa ake so. Agogon da ke tahiya kawai ai kowane sakarai na da shi."

Na ce, "Baba, ba tabbas zai tashi."

Ya ce, "Yayana da ya miƙa hannu, an ba shi tabbas?" Ya ɗaga murya ya kira autansa, ya ce a kwance farin ragon nan a kai kasuwa. Na ce ba za a yi haka ba, ni ma ina da rago. Ya ce in rufe masa baki, mai soya agogo ba shi da ta cewa.

Alƙali ya tafi Kano kafin shuka, ya dawo bayan an ɗaure gero. An sa sabon gilashi, fuskar an bar ta da launin goronta, lotsawar tana nan. Na kai wa Baba Ƙarami, na ɗora yatsansa a kan maɓallin sama. Ya danna, ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya sake dannawa, ya ce, "Ya isa," ya miƙo mini.

Wajen ba da lokaci dai bai gyaru sosai ba, kullum yana makara, in na bi shi sai in yi azahar da la'asar, don haka sallah a salular jikana nake tambaya. Amma dogon hannun yana gudu, yana tsayawa, yana komawa gida. Yana hannuna na hagu. Aikinsa yanzu raba wa jikoki hawan keken gidanmu, kuma ko na goye ya san in na ce ya isa, ya isa.